Aikin Saiwar Waken Soya a Ƙarƙashin Ƙasa

 Kwamitin wannan mujalla ya ce in rubuta darasi guda da Hausa, domin iyayenmu da 'yan'uwa na ikkilisiya su ma su karanta, kada abin ya tsaya a aji kaɗai. Na zaɓi saiwar waken soya. Dalilin zaɓin kuwa ba abin yabo ba ne a gare ni, amma tun da 'yan aji biyar sun riga sun sani, gara in faɗa da bakina.

A daminar bara, bayan mun gama noman fari a gonar makaranta, na ga waken soyarmu ya yi fari-fari, bai yi kore yadda nake so ba. Muna da buhunan yuriya da muka ajiye domin zubi na biyu na masara. Na ce a ɗauko ɗaya a zuba wa waken. Dattijon da ke taimakonmu a gona, wanda ya fara noma tun kafin a haife ni, ya ce mini, "Malam, a bar shi. Wake yana da nasa abincin." Na ce, "Baba, ai wannan kimiyya ce." Ya yi shiru, ya ɗauki fartanyarsa. Takin ya ƙare a rabin gonar, sauran rabin bai samu ba.

Cikin mako biyu rabin da ya sami taki ya yi kore shar, ya miƙe, duk wanda ya wuce sai ya yaba. Da marka ta zo da iska, shi ne ya fara kwanciya. Ranar da muka auna amfanin, abin da ya fi ɗan'uwansa da shi bai biya kuɗin buhun ba. Masara kuwa da aka hana ta rabonta ta nuna mana fushinta a goyo, ga shi daga ita ake yi wa ɗalibai tuwo. Tun waken yana fure Baba ya tono tushe biyu, ya wanke su a bokiti, ya ajiye mini a ƙofar ofis ba tare da ya ce komai ba. Tushen da bai sami taki ba yana cike da 'yan ƙullutai kamar ƙwayar barkono. Wanda na ba taki, da ƙyar na ƙirga kaɗan, su ma ƙanana. Darasin nan bayani ne a kan waɗannan tushe biyu.

ABIN DA WAKEN YAKE NEMA

Kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwayar waken soya furotin ne, wato abincin da ke gina jiki. Na masara bai cika wuce kashi 10 ba. Shi ya sa matan zumunta suka rungumi awara da madarar waken soya domin yaran da aka yaye. Amma ba a gina furotin sai da sinadarin naitrojin, kuma ƙa'idar da ake lissafi da ita ita ce a raba nauyin furotin da 6.25. Ku ɗauki alƙalami mu gwada. Buhu mai kilo 100 yana da furotin kilo 40, wato naitrojin kilo 6.4. Buhu goma, kilo 64. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da naitrojin kashi 46 cikin 100, wato kilo 23. Ke nan buhu goma na waken soya suna fita daga gona da naitrojin da ya kusa na buhun yuriya uku, ban da wanda ya shiga ganye da kara da saiwa.

Duk wannan ta saiwa yake shiga, kuma ta ƙofa biyu. Ƙofa ta farko ita ce ta naitiret da ke narke cikin ruwan ƙasa, kuma masara da dawa da sauran shuke-shuke duk suna da ita. Ƙofa ta biyu ita ce ta ƙullutan nan, wadda dangin wake ne suka shahara da ita.

TAFIYAR NAITIRET

Ganyen da ya ruɓe, kashin shanu, da yuriya, duk sukan fara zama amoniyam a cikin ƙasa. Daga nan wasu ƙwayoyin bakteriya, waɗanda Sergei Winogradsky ya bayyana aikinsu a 1890, sukan mai da amoniyam naitirait, wasu kuma su mai da naitirait naitiret. A ƙasa mai ɗumi da iska irin jigawarmu wannan ba ya ɗaukar lokaci. Saboda haka kusan duk irin takin da ka zuba, naitiret ne saiwa za ta fi tararwa. Ku lura da sunayen nan biyu, gama a nan ɗalibai suke faɗuwa a jarrabawa kowace shekara: naitiret yana da oksijin uku, NO3, naitirait yana da biyu, NO2.

Naitiret ba ya zama wuri ɗaya. Cajinsa na lantarki irin na ƙwayar laka ne, don haka ba sa manne wa juna, ruwa ya biyo sai ya tafi da shi. Ruwan farko na damina yakan ta da bakteriyar da suka kwanta duk rani, naitiret ya yi yawa na ɗan lokaci, sa'an nan ruwan sama mai ƙarfi ya gangara da shi ƙasa inda saiwar yabanya ba ta kai ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa shukar wuri take fin ta baya.

Mutane da yawa suna tsammani saiwa tana shan naitiret ne kamar yadda soso yake shan ruwa. Ba haka ba ne. Jikin saiwa ƙananan ɗakuna ne da ake kira sel, kowane da bangonsa da fatarsa, kuma cikin ɗakin yana da caji irin na naitiret, wato ture shi yake yi. Dole a shigar da shi da ƙarfi. Dabarar ita ce, sel yana kashe ƙarfi ya fitar da ƙwayoyin haidirojin waje har su taru. Su kuwa suna matsawa su koma, amma ƙofar da aka bar musu ba ta buɗewa sai sun riƙo naitiret. Haidirojin biyu sukan shiga da naitiret ɗaya. Ƙofofin iri biyu ne. Wasu suna aiki sa'ad da naitiret ya yi yawa, wasu kuma gwanayen kalaci ne, suna tsinto ɗan abin da ya rage. Saiwar da ta daɗe ba ta ga naitiret ba, da ta ɗanɗana shi, cikin 'yan sa'o'i za ta ƙera ƙarin ƙofofi, ta kuma fitar da ƙananan rassa daidai wurin da ta same shi.

Ƙarfin da ake kashewa daga numfashi yake zuwa, gama saiwa tana numfashi kamar ni da ku. In ruwa ya kwanta a gona kwana da kwanaki, iska ta ƙare a ƙasa, saiwa ba ta iya ɗaukar naitiret ko da yana nan. Wasu bakteriya ma sukan mai da shi iska ya tashi sama. Waken da ya yi rawaya a kwari lokacin marka, sau da yawa ba taki yake nema ba, hanyar ruwa yake nema.

To, naitiret ya shiga saiwa. Me za a yi da shi? Shuka ba ta iya gina furotin da shi haka ɗanye, kamar yadda ba a cin gero a zangarniya. Sai an cire masa oksijin ukun nan ya koma amoniyam. Ma'aikatan da ke yin haka su ne enzayim. Na farko, naitiret ridaktes, yana cire oksijin ɗaya da ilektiron biyu, naitiret ya zama naitirait. Wannan enzayim ba ya aiki sai da ɗigon wani ƙarfe mai suna molibdinam. Abin sha'awa, daga ganyen waken soya ne Harold Evans da Alvin Nason suka ware shi a Amurka a 1953, don haka waken namu yana da hannu a tarihin wannan ilimi. Naitirait guba ne, ba a barinsa ya taru. Nan da nan ake tura shi cikin wani ƙaramin ɗaki a cikin sel da ake kira filastid, inda enzayim na biyu, naitirait ridaktes, yake ba shi ilektiron shida ya zama amoniyam. Jimla takwas ke nan. Amoniyam ma in ya taru yana ɓarna, sai enzayim na uku ya ɗaura shi a kan wani sinadari mai suna gulutamet, ya zama gulutamin. Daga gulutamin ake rarraba naitrojin ga sauran amino asid da ake jera furotin da su. Wanda za a aika nesa kuwa, waken soya ya fi mai da shi asfarajin, mai ɗauke da naitrojin biyu a kan kabon huɗu.

Yanzu ga tambayar da ta fi ba ni sha'awa. Saiwa tana da waɗannan enzayim duka, ganye ma yana da su. Wa ke yin aikin?

An sami amsar ta hanyar ba shuka naitiret mai alama. Naitrojin na yau da kullum nauyinsa 14, amma akwai mai nauyin 15, wanda na'ura take iya bin sawunsa duk inda ya shiga. Abin da aka gani a waken soya shi ne saiwa tana raba naitiret uku. Wani kaso takan sarrafa shi nan take. Wani takan zuba a rumbunta, wata jakar ruwa da ke tsakiyar sel, gama naitiret ba ya cutarwa in an ajiye shi. Kaso mafi girma kuwa takan ɗora shi a bututun ruwa mai hawa sama, ya tafi ganye ɗanye. Da dare, lokacin da ruwa ba ya hawa sosai, rumbun yakan cika, gari ya waye a kwashe zuwa sama.

Dalilin rabon nan tattali ne. Ilektiron takwas ba kyauta suke samuwa ba. Ganye yana samun mafi yawansu daga hasken rana, kamar matar da ke zaune bakin daji, itace bai dame ta ba. Saiwa tana cikin duhu. Duk abin da za ta dafa, sai an aiko mata da sukari daga ganye ta ƙona. Saboda haka ya fi sauƙi ta aika da ɗanyen kaya inda wuta take. Ba kowace shuka ke yin haka ba. Wasu dangin wake na ƙasashen sanyi, irin su lufin, suna yin yawancin aikin a saiwa. Waken soya da wakenmu na gida sun fi dogara ga ganye.

Amma kada wannan ya sa ku rena kason saiwa, kamar yadda wani ɗalibi ya rubuta mini cewa saiwa bututu ce kawai. Abin da ta sarrafa da shi take gina sababbin rassanta. Ita take riƙe da rumbu, ita take yanke abin da zai hau da lokacin da zai hau. In ganye ya ƙoshi, amino asid sukan gangaro da yawa ta bututun abinci, saiwa ta gane, ta rage ɗauka. In sukari ne ya gangaro da yawa, ta ƙara. Kuma ita ce take fara sanin ko akwai naitiret a ƙasa ko babu, abin da ya kawo mu ƙofa ta biyu.

BAƘIN DA KE CIKIN ƘULLUTU

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitrojin ne, amma a ɗaure yake biyu-biyu da ɗauri mai ƙarfi, ba shukar da ke iya kwance shi da kanta. Ɗan Adam bai iya yin haka da yawa ba sai da Fritz Haber ya nuna hanyar a 1909, Carl Bosch kuma ya kafa masana'antarsa a Jamus a 1913, da zafi mai tsanani da matsi mai tsanani. Yuriyar da na zubar daga wannan hanya ta fito. Mahalicci kuwa ya ba wata ƙwayar bakteriya ikon yin wannan aiki a cikin ƙasa mai sanyi, ba hayaƙi ba ƙara. Hellriegel da Wilfarth ne suka tabbatar a Jamus a 1886 cewa dangin wake suna samun naitrojin daga iska ta wurin ƙullutansu, Beijerinck kuma ya ware bakteriyar a Holan a 1888. Wadda aka fi sani a waken soya sunanta Bradyrhizobium japonicum.

Saiwa ce take gayyata. Takan saki wasu sinadarai a cikin ƙasa, bakteriyar ta amsa da nata, gashin saiwa ya lanƙwashe ya rungume ta, ta bi wani siririn zare ta shiga ciki, a gina mata ɗaki. Shuka tana ba ta abinci daga sukarin ganye, ita kuma tana ba da amoniya. Enzayim ɗinta, naitirojines, oksijin yana kashe shi, alhali bakteriyar tana bukatar oksijin ta yi numfashi. Maganin wannan shi ne wani jan furotin ɗan'uwan wanda ke cikin jininmu, wanda Kubo ya gano a ƙullutan waken soya a Japan a 1939. Yana riƙe oksijin yana ba da shi kaɗan-kaɗan. Shi ya sa in ka tsaga ƙullutu mai aiki za ka ga cikinsa ja-ja.

Naitrojin da ya fito daga ƙullutu ba a matsayin asfarajin yake hawa ba. Ana mai da shi wasu sinadarai da ake kira yuriyayid, masu ɗauke da naitrojin huɗu a kan kabon huɗu, ninki biyu ke nan na kaya a kan jaki ɗaya. Wakenmu na gida ma haka yake yi, gyaɗa kuwa ba ta yi. Wannan bambanci ya ba masana hanya mai sauƙi, wadda David Herridge ya inganta a Ostireliya: a yanke kara, a tari ruwan da ke fitowa, a auna. In yuriyayid ne ya fi yawa, waken daga iska yake ci. In naitiret da asfarajin ne, daga ƙasa yake ci. A matsakaicin lissafi na duniya, rabi zuwa kashi 60 cikin 100 na naitrojin waken soya daga iska yake fitowa.

Riƙon baƙon nan yana da tsada. Kwance naitrojin guda na iska yana cin ƙwayoyin ƙarfi na ATP har 16, ban da gina ɗakin da ciyar da mai ɗakin. Naitiret ya fi araha. Don haka da zarar saiwa ta ga naitiret da yawa, sai ta fara janye hannu. Takan rage gayyata, sababbin ƙullutai su ragu. Sukarin da ke zuwa wa tsofaffin ƙullutai a karkatar da shi zuwa rassan da ke bin naitiret. Oksijin da ke shiga ƙullutu ma a rage. Takuji Ohyama da abokan aikinsa a Jami'ar Niigata ta Japan sun nuna cewa ƙullutu yakan tsaya da girma cikin kamar kwana ɗaya bayan an ba saiwa naitiret, in an cire kuma ya ci gaba. An kuma raba saiwar shuka ɗaya cikin tukwane biyu, aka ba ɗaya naitiret, sai ƙullutan wannan gefen suka fi shan wahala. Ganye ma yana da baki a maganar. A 1985 Carroll da McNeil da Gresshoff sun samo a Ostireliya wani waken soya da ya rasa wannan birki, yana yin ƙullutai barkatai ko da akwai naitiret, kuma bai zama zakaran gona ba, gama baƙin sun yi masa yawa.

Ga amsar tushe biyun da Baba ya ajiye mini. Farin da na gani ba cuta ba ne. Yabanyar waken soya takan ci guzurin da ke cikin ƙwayarta na kwanakin farko, ƙullutai kuwa ba sa fara aiki sosai sai bayan mako biyu zuwa uku da tsirowa. Tsakanin nan takan ɗan yi fari, sa'an nan ta farfaɗo. Ni kuwa a daidai lokacin da saiwa take gina ƙullutanta na cika mata ƙasa da naitiret. Ta bar ginin, ta yi ganye. Ruwan Agusta ya wanke ragowar takin. Lokacin da kwanso yake cika, wanda shi ne lokacin da waken ya fi bukatar naitrojin, takin ya tafi, ƙullutan kuma ba su isa ba. Na sayi da kuɗin makaranta abin da iska take bayarwa kyauta.

A GONAKINMU

An fara gwada waken soya a Nijeriya a 1908, amma sai da irin Malaya ya zo a 1937 ya zauna, musamman a ƙasar Tibi ta Binuwai. Matsalar irin da ake kawowa daga waje ita ce ba ya shiri da bakteriyar ƙasarmu. Cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta fitar da ire-iren da sunansu ke farawa da TGx, masu karɓar bakteriyar gida. Duk da haka, a gonar da ba a taɓa shuka waken ba, yana da kyau a shafa wa iri garin bakteriyar da ake sayarwa, da ɗan ruwan ƙaro ko na sukari, a inuwa, a shuka a ranar. Ƙasar Birazil, wadda yanzu ta fi kowace ƙasa noman waken soya, a kan wannan hanya ta gina nomanta, ba a kan yuriya ba, kuma sunan Johanna Döbereiner ba ya ɓacewa a wannan labari.

Takin da waken ya fi so a ƙasarmu shi ne sufa, gama ƙullutu yana cin fosfaras da yawa. A ƙasar da ta gaji ƙwarai ana iya sa ɗan kamfa lokacin shuka, naitrojin kada ya wuce kamar kilo 20 a hekta. Yuriya a bar wa masara.

Akwai maganar da ake yi cewa waken soya yana takin gona. Gaskiya ce, amma ana ƙara mata gishiri. Lissafinmu na farko ya nuna yawancin naitrojin yana tafiya kasuwa cikin buhu. Abin da masarar baɗi take samu shi ne ganyen da ya zube, saiwa da ƙullutan da suka ruɓe, da naitiret ɗin ƙasa da waken bai taɓa ba. Wanda ya tuge waken da saiwarsa, ya kai gida ya buge, ya ƙone karan, bai bar wa gonarsa abin kirki ba. A yanka da lauje, a mai da ɓawon gona ko ta wurin takin dabbobi.

Aikin hutu ga 'yan aji huɗu da biyar: sa'ad da waken soya ko waken gida ya fara fure, ku nemi izinin mai gona, ku tono tushe biyar daga wurare dabam-dabam. Da fartanya za ku tono, kada ku fizge, gama ƙullutan za su zube. Ku wanke a hankali, ku ƙirga, ku tsaga goma da reza. Ja-ja yana aiki, fari bai fara ba ko ba zai yi ba, kore ya gama. Ƙullutu na gaske a gefen saiwa yake, ɗan yatsa yana cire shi. In saiwar ce da kanta ta kumbura, wannan cutar tsutsar ƙasa ce, ku rubuta ta dabam. Ku tambayi mai gonar takin da ya zuba, da ranar da ya zuba, da abin da ya shuka a wurin bara. Ku kawo mini littattafanku a makon farko na zango mai zuwa.